Baiwar Yaro Amana Ce a Hannun Iyayensa



Kowace shekara, idan Azumi ya kusa ƙarewa, matasan farisoshinmu sukan shirya wasan kwaikwayon Shan Wuyar Ubangiji. Ran Jumma'a Mai Kyau mukan bi su cikin rana da ƙura, muna kallon mai ɗauke da gicciye yana faɗuwa yana tashi, har tsofaffinmu su zub da hawaye. Lokacin Kirsimati kuma ƙananan yara sukan zama makiyaya da mala'iku, mu yi ta tafi muna sa musu albarka. Amma ranar da yaron da ya fito a matsayin Bitrus ya ce wa mahaifinsa wasan kwaikwayo yake so ya karanta a jami'a, ko 'yar da ta fito a matsayin Maryamu Magadaliya ta nemi izinin shiga ƙungiyar wasa ta makaranta, sai gida ya rikice. Abin da muka yaba a harabar coci, shi ne muke ƙi a zauren gida. A kan wannan al'amari muke so mu yi tunani tare.

Da fari, ba mu raina tsoron iyaye ba. Uban da ya sayar da hatsinsa da akuyarsa don ya biya kuɗin makaranta yana begen ganin likita, ko lauya, ko injiniya. Uwa kuwa tana jin abin da maƙwabta ke faɗi a kan yarinyar da ke hawa dandamali, tana tsoron kada sunan 'yarta ya ɓaci tun ba ta yi aure ba. Iyayen Ekklesiya na farko ma sun yi irin wannan tsoro. Wajen shekara ta 200 Tartuliyan, malamin Kartaj a Arewacin Afirka, ya rubuta littafi guda yana gargaɗin Kirista su guji gidajen wasa, Waliyi Agustin kuma ya yi nadamar yadda son kallon wasa ya rinjaye shi a ƙuruciyarsa. Suna da dalili, gama wasannin Romawa na zamanin nan a haɗe suke da bautar gumaka da tsiraici, kuma a filayen nishaɗin jama'a ne aka riƙa jefa masu bi ga namun daji.

Duk da haka, Ekklesiyar da ta yi wannan gargaɗi ita ce ta sāke raya wasan kwaikwayo a ƙasashen Turai. A ƙarni na 10, 'yan zuhudu sukan kwaikwayi zuwan mata kabari da safiyar Ista: waɗansu su zama matan, ɗaya ya zama mala'ika, a cikin ɗakin sujada, domin jama'ar da ba ta iya karatu ba ta ga Bishara da idonta. A 1223 Waliyi Faransis na Asisi ya sa aka kawo sa da jaki da ciyawa a ƙauyen Girecciyo, ya nuna wa talakawa irin wurin da aka haifi Mai Ceto. A 1633, da annoba ta auka wa ƙauyen Obaramagau a ƙasar Jamus, mutanensa suka yi wa Allah wa'adi za su riƙa nuna Shan Wuyar Kristi, suka kuwa fara a 1634. Har yau zuriyarsu na cika wa'adin kusan duk shekara goma, mutanen ƙauyen kimanin 2,000 suna shiga, manya da yara. Wasan 2020 ne cutar korona ta sa aka ɗaga shi zuwa 2022.

Tun kafin wannan ma, Allah da kansa ya sa annabawansa su yi wa'azi da aiki a gaban jama'a. Ya umarci Irmiya ya fasa tulun yumɓu a idon dattawa, wani lokaci kuma ya rataya karkiya a wuyansa. Ya sa Ezekiyel ya ɗaure kayansa kamar mai zuwa bauta, ya huda bango ya fita mutane na kallo. Maryamu 'yar'uwar Musa ta ɗauki ganga ta ja mata suna rawa bayan ƙetare teku. Sarki Dauda ya yi rawa da dukan ƙarfinsa a gaban Akwatin Alkawari, wadda Nassi ya zarga kuwa ita ce Mikal, da ta leƙo ta taga ta raina shi a zuciyarta. Mai hikima ya san gani ya kori ji, shi ya sa Allah yakan yi magana da ido kamar yadda yake yi da kunne.

Saboda haka, idan yaro yana da murya mai ratsa zuciya, ko yana iya haddace dogon jawabi, ko yana iya shiga halin wani har ya sa jama'a dariya ko kuka, sai mu tambayi kanmu wa ya ba shi. Mu tuna da misalin talanti a Bishara ta Matiyu, sura 25. Bawan da maigidansa ya hukunta bai yi sata ba, bai kuwa kashe kuɗin a shashanci ba. Tsoro ya ji, ya haƙa rami ya binne. Abin baƙin ciki shi ne, a gidaje da yawa yaro bai binne talantinsa da kansa ba, hannun uba ko na uwa ne ya haƙa ramin, cikin ƙauna da tsoro. Ranar lissafi kuwa mai riƙon amana za a tambaya.

Bari mu dubi uwaye biyu. Ta farko ita ce Hirudiya, a Markus sura 6. 'Yarta ta iya rawa ƙwarai, har ta faranta wa Sarki Hirudus da baƙinsa rai, ya yi rantsuwa zai ba ta duk abin da ta roƙa. Yarinyar ta fita ta nemi shawarar uwarta, uwar kuwa ta ce ta nemi kan Yohanna Mai Baftisma. Hirudiya ba ta hana 'yarta rawa ba, ta ma goyi bayanta, amma ta mai da baiwar yarinyar wuƙar ramuwarta. Wannan gargaɗi ne ga iyayen da ke tura 'ya'yansu gaban jama'a domin kuɗi, ko suna, ko don su ɓata wa wani rai.

Uwa ta biyu ita ce Margarita, mahaifiyar Waliyi Yohanna Bosko, wanda aka haifa a 1815 kusa da birnin Turin a Italiya. Mijinta ya rasu yaron na da shekara biyu, ta zauna cikin talauci tana noma. Yohanna ya ƙwallafa rai ga masu wasannin kasuwa, masu tafiya a kan igiya da masu dabo. Uwarsa ta bar shi ya je ya gani, domin ta san ba ya ɓoye mata kome. Da ya ƙware, sai ya riƙa ɗaure igiya tsakanin itatuwa biyu ran Lahadi, ƙauye ya taru. Ladan kallo shi ne a yi addu'ar rosari tare, a kuma saurari wa'azin da ya ji a Misa, wanda yakan maimaita musu daga ka. Yaron nan ya zama firist, ya tara dubban yara marasa galihu, ya sa kiɗa da wasan kwaikwayo cikin tarbiyyar makarantunsa. A 1846 Margarita ta bar ƙauyenta ta koma wurinsa, ta zama uwar yaran har rasuwarta. Baiwa iri ɗaya ce a gidajen nan biyu, uwayen ne suka bambanta.

Da yawa daga cikinmu suna tuna zuwan Paparoma Yohanna Bulus na Biyu Kaduna a Fabrairun 1982, inda ya naɗa firistoci, da dawowarsa Nijeriya a 1998 domin ɗaga Fada Tansi zuwa matsayin Mai Albarka. Mutumin nan ɗan wasan kwaikwayo ne tun yana makaranta a garin Wadobice na ƙasar Folan. Mahaifiyarsa ta rasu a 1929, mahaifinsa, tsohon hafsan soja, ya raine shi. Da ya shiga jami'a a Kirako a 1938 don karatun harshe da adabi, uban ya tattara ya bi shi suka zauna tare. Lokacin da sojojin Hitila suka mamaye ƙasar, saurayin yana fasa dutse da rana, yana kuma cikin wata ƙungiyar wasa da aka kafa a 1941, wadda ke nuna wasanninta a asirce cikin ɗakunan mutane, domin kada harshensu da al'adunsu su mutu. A 1942 ya shiga seminari ta ɓoye, aka naɗa shi firist a 1946. Muryar da ta cika filayen duniya shekara 26 tana shelar Kristi, a dandamali aka fara horar da ita. A ranar Ista ta 1999 ya rubuta wasiƙa ta musamman ga masu fasaha, ya tuna musu cewa Ekklesiya tana bukatarsu, kuma baiwarsu hidima ce da za su ba da lissafinta.

Ba kowane yaro mai son wasa zai zama firist ba, ba kuwa dole ba ne. Wasa kansa sana'a ce ta halal idan an riƙe shi da gaskiya. Hubert Ogunde, wanda ake kira uban wasan kwaikwayon zamani a ƙasar nan, ɗan fasto ne, kuma wasansa na farko a Legas a 1944 labari ne daga Littafi Mai Tsarki da ya shirya wa wata majami'a. A nan Arewa, wane gida ne bai ƙaru da wasan Samanja na marigayi Usman Baba Pategi ba, a rediyo da talabijin? Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Jos suna koyar da wannan fanni har zuwa babban digiri, kuma daga cikinsa ake samun malamai, da ma'aikatan gidajen rediyo, da masu wayar da kan jama'a kan lafiya da zaman lafiya. Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a 1965 cewa iyaye su ne malamai na farko ga 'ya'yansu, ta kuma ce aikinsu shi ne su bi da su da shawara mai hikima har su zaɓi kiransu da hankalin kansu.

To, yaya za mu yi? Goyon baya ba sakin linzami ba ne. Uba ya san sunan mai koyar da wasan, ya san inda ake gwaji da lokacin tashi. Uwa ta nemi a ba ta labarin wasan tun kafin 'yarta ta karɓi matsayi a ciki, ta ga irin tufafin da za a sa. Kada a bar yaro ko yarinya su kaɗai da babba a bayan ƙofa da sunan gwaji, ko a makaranta ne, ko a coci. Idan gwaji ya kai dare, wani daga gida ya je ya rako su. Mu yi hattara da masu yi wa yara alkawarin sa su a fim, suna neman kuɗi, ko hotuna ta waya, ko haɗuwa a ɓoye. Wanda ke da niyyar kirki ba ya gudun ganin iyaye. Mu kafa sharaɗi cewa karatu da Misar Lahadi ba za su sha wuya saboda wasa ba. Bayan haka, ranar wasa mu bar kasuwa da gona na 'yan sa'o'i mu je mu zauna a gaba. Yaron da ya hango mahaifinsa cikin 'yan kallo ba ya zuwa neman yabo a bakin baƙo. Wanda aka hana da tsawa kuwa sau da yawa ba ya dainawa, ɓoyewa yake koya, a nan ne hatsarin yake.

Ku kuma 'ya'yanmu, muna da magana da ku. Kalmar da Ubangiji Yesu ya yi amfani da ita a kan munafukai, a harshen Helenanci da aka rubuta Bishara da shi, asalinta sunan ɗan wasa ne mai rufe fuska. Ku sa fuskar wani a dandamali idan wasa ya bukata, amma ku tuɓe ta kafin ku shiga gida, kafin ku durƙusa a gaban Allah. Ku sani kuna da ikon ƙin matsayin da zai zub da mutuncinku ko ya yi wa bangaskiya ba'a, kome yawan kuɗinsa. Ku tuna Yesu yana ɗan shekara 12 ya ba malaman Haikali mamaki, duk da haka ya koma Nazarat yana yi wa Maryamu da Yusufu biyayya. Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ku faɗa wa iyayenku kome, kamar yadda Yohanna Bosko ya yi.

A ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon majalisun farisoshi, da katekistoci, da Zumuntar Mata, da ƙungiyoyin matasa, su buɗe wa yaranmu fili fiye da sau biyu a shekara, su sa dattawa masu amana su riƙa zama wurin gwaji. Labarin Yusufu da 'yan'uwansa, da na Rut, da na ɗa ɓatacce, da na shahidan Uganda, duk suna jiran wanda zai nuna su da harshenmu.

Bari Waliyi Jenesiyus, ɗan wasan Roma wanda bisa ga al'adar Ekklesiya ya tuba a tsakiyar wasan da ya shirya don yi wa baftisma ba'a, ya kuma ba da ransa saboda Kristi, ya yi addu'a domin 'ya'yanmu. Uwargida Maryamu, wadda ta riƙe al'amuran Ɗanta a zuciyarta tun ba ta gane su duka ba, ta roƙa wa iyaye haƙuri da basira. Allah ya sa mu mai da masa amanarsa da riba. Amin.