Wa Aka Ce Ya Zauna a Ƙasa?

Karatu: Yakubu 2:1-9

In talaka ya rasu da sauran ƙarfinsa, mukan ce kwanansa ne ya ƙare. Gaskiya ne, rai yana hannun Ubangiji. Amma me ya sa kwanan talaka yakan riga na mai arziki ƙarewa?

A shekara ta 1967 likitoci a Ingila suka fara bin lafiyar ma'aikatan gwamnati maza wajen 18,000 a birnin Landan. Bayan shekara goma suka tarar masinjoji da masu tsaron ƙofa suna mutuwa kusan ninki uku na manyan shugabanni. Ka lura, ba yunwa suke fama da ita ba, asibiti kuma kyauta ne ga kowa a can. Shan taba da hawan jini ba su isa su bayyana dukan bambancin ba. Da aka sake bincike daga 1985, sai aka ga wanda ba shi da ta cewa a wurin aikinsa, kullum sai dai a umarce shi, ya fi kamuwa da ciwon zuciya.

Ashe raini yana cin jiki. Manzo Yakubu ya tsauta wa masu bi da ke ba mai zoben zinariya wurin zama mai kyau, su ce wa matalauci ya zauna a ƙasa. Zunubi ya kira shi. Ni dai ina jin kunya in na tuna wanda muke fara gaisarwa bayan sujada, da wanda ba a taɓa neman ra'ayinsa a taron ikilisiya ba.

Addu'a: Ya Uba, ka gafarta mana son kai, ka nuna mana wanda muka bari a bakin ƙofa. Cikin sunan Yesu, Amin.