Dajin da Ba Kowa, Na Waye?

Makon jiya bayan sallar isha'i gardama ta kaure a ƙofar masallaci kan wani bidiyo da ya zagaya wayoyinmu: wasu masu hali sun fita shan iska cikin hamada, suna bin barewa da mota har ta faɗi don gajiya, su kuwa sai dariya. Wasu cikinmu suka ce ai farauta halal ce, kuma daji ba gonar kowa ba ne. Ta farkon ba mu musa ba. Ta biyun ce ta tsaya mana a rai.

A gabashin Nijar akwai hamadar Termit da Tin Tumma, wadda gwamnatin ƙasar ta keɓe wa namun daji a 2012. Faɗin da aka shata mata a lokacin ya kai kusan murabba'in kilomita 97,000, wato ya fi kowace jiha a Najeriya. Can ne mafakar adaks, wata farar dabba dangin barewa mai murɗaɗɗun ƙahoni, wadda kan yi watanni ba ta sha ruwa ba, damshin ciyawa ya ishe ta. Ƙishirwa ba ta kashe ta ba, mota da bindiga suka ƙarar da ita. A 2016 masu ƙidaya sun bi yankin ta sama da ta ƙasa, guda 3 kacal suka gani.

To, wa ya yi wannan ɓarna? Kowane maharbi zai ce shi ɗaya kawai ya ɗauka, kuma ƙila gaskiyarsa. Haka abin da ake cewa ba na kowa ba yake ƙarewa, ba wanda za a kama da laifi. Keɓe daji kuma ba Bature ne ya kawo mana ba. Manzon Allah (SAW) ya keɓe makiyayar Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, sannan an hana mu kashe ko da ɗan tsuntsu don wasa kawai.

Mu nan kurmi ba ma harbi, amma fa muna saye. Fatar damisa, ƙwan jimina, ɗan barewa da ake kai wa wani Alhaji ya ajiye a tsakar gida don baƙi su gani, ta hannun wa suke biyowa in ba namu ba? Mun iya tambayar mai kawo goro daga ina, na yaushe ne. Mai kawo ƙaho a buhu kuwa, kuɗinsa kawai muke tambaya.