Abin Lura: Wanda Ya Manta, Kada a Manta da Shi

A ƙofar filin Celtic Park da ke birnin Glasgow, a yankin Sikotland na Birtaniya, akwai mutum-mutumin wani ɗan ƙwallo ya ɗaga kofi sama da hannu biyu. Billy McNeill ke nan, kyaftin ɗin ƙungiyar Celtic, wanda a ranar 25 ga Mayu, 1967, ya jagoranci abokan wasansa suka doke Inter Milan da ci 2 da 1 a Lisbon. Shi ne ɗan Birtaniya na farko da ya ɗaga Kofin Turai. Daga 1957 da ya shiga ƙungiyar zuwa 1975 da ya rataye takalmi, bai saka rigar wani kulob ba. Ya buga mata wasa 822, ya ci gasar ƙasa sau 9 a jere, daga baya ya dawo ya horar da ita har sau biyu.

An kafa mutum-mutumin a Disambar 2015. A farkon 2017 iyalinsa suka sanar cewa cutar mantuwa ta kama shi. Uwargidansa Liz ta bayyana cewa magana ma ta fara gagarar sa. Mutumin da muryarsa ke tsayar da 'yan wasa goma a fili ya koma sai an kama hannunsa.

Abin lura shi ne yadda magoya baya suka yi da wannan labari. Ba su kau da kai ba. Suka ci gaba da rera sunansa a filin wasa, iyaye na nuna wa 'ya'yansu mutum-mutumin suna ba su labarin ƙwallon da ya ci da ka a wasan ƙarshe na gasar kofi a 1965, wadda ta kawo wa Celtic kofi bayan shekaru kusan takwas babu ko ɗaya. Abin da ƙwaƙwalwarsa ta saki, su suka riƙe masa. Har daga Sifaniya, ƙungiyar Athletic Bilbao ta ba shi lambar yabon da take bai wa ɗan wasan da ya ƙare rayuwar ƙwallonsa a kulob guda. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Ya rasu ranar 22 ga Afrilu, 2019, yana da shekara 79. Kafin gari ya waye sau biyu, gindin mutum-mutumin ya cika da furanni da riguna da mayafan wuya masu launin kore da fari. A wasan farko bayan rasuwarsa, Celtic ta doke Kilmarnock da ci ɗaya mai ban haushi. Jozo Simunovic, mai tsaron baya sanye da lamba 5 irin ta McNeill, shi ya ci ƙwallon da ka, agogo na nuna minti 67, lambar da ta yi daidai da shekarar nasarar Lisbon. Mutane da dama sun zubar da hawaye a filin. Kwana biyu bayan wasan, Stevie Chalmers, wanda ya ci ƙwallon nasara a Lisbon, shi ma ya rasu bayan fama da irin wannan cuta.

Ƙaunar nan ba ta tsaya ga hawaye ba, domin iyalan tsofaffin 'yan wasa sun dage sai an bincika. A 2019 Jami'ar Glasgow, ƙarƙashin Dakta Willie Stewart, ta duba bayanan tsofaffin 'yan ƙwallon Sikotland 7,676, ta gano haɗarin mutuwarsu da cututtukan lalacewar ƙwaƙwalwa ya ninka na sauran mutane kusan sau uku da rabi. Ƙarin bincike a 2021 ya nuna masu tsaron baya, waɗanda suka fi kowa sa kai a ƙwallo, sun fi shiga haɗarin, masu tsaron raga kuwa ba su bambanta sosai da sauran jama'a ba. Tun 2020 hukumar ƙwallon Sikotland ta hana yara 'yan ƙasa da shekara 12 buga ƙwallo da ka a lokacin atisaye. Masu horar da yaranmu a filayen unguwa ya kamata su ji wannan.

Amma darasin ya wuce ƙwallo. A gidajenmu akwai dattijon da ya ci da iyali shekara da shekaru, yau yana tambayar ɗansa na cikinsa, "Yaro, ɗan gidan wa ne kai?" Akwai tsohuwar da ke neman hanyar ɗakin da ta kwana a ciki tun tana amarya. Wasu sai su ce gigin tsufa ne kawai, su kulle ta a ƙurya. Wasu ma har su jefe ta da maita. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma yana buƙatar likita da haƙuri da tausayi.

Mai karatu, idan kana da irin wannan dattijo, kai shi asibiti. Zauna kusa da shi, ka kira shi da sunan girmamawar da ya saba ji, ka ba shi labarin abin kirkin da ya yi, ko da zai sake tambayarka bayan minti biyar. In ya manta da kai, ba laifinsa ba ne. In kai ka manta da shi, ba ka da uzuri.