HUKUNCIN WANDA YA AJIYE AIKI DA KANSA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta.

Bayan haka, wani ɗan'uwa daga Wurogauri ta ƙasar Gwandu ya aiko da tambaya: mutumin da ya ajiye aikin albashi da kansa, sa'an nan ya rasa wani, shin yana da hakkin a taimake shi?

To, malam, sai mu fara da dokar ƙasa. Nijeriya ba ta da asusun biyan marasa aiki irin wanda Amurka ta kafa a 1935, kuma ko a can, wanda ya bar aiki ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba galibi ba a biyansa. Abin da muke da shi shi ne Dokar Fansho ta 2014. Ma'aikacin da ke cikin tsarinta, idan ya bar aiki bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai sami wani ba, yana iya karɓar abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa ba.

Amma a Shari'a, aikin albashi ijara ce, ijara kuwa alkawari ce, kuma ayar farko ta Suratul Ma'ida ta umurci muminai da cika alkawari. Saboda haka wanda zai tafi ya sanar tun da wuri, ya damƙa amanar da ke hannunsa. Dokar ƙwadago ma ta wajabta sanarwar wata guda ga wanda ya shekara biyar.

Game da zakka kuwa malamai sun saɓa. Shafi'iyya sun hana ta ga mai ƙarfi wanda zai iya samun sana'ar da za ta ishe shi. Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halilu, sun halatta a ba matalauci ko da yana iya nema. Ke nan kada mawadatan gari su juya masa baya suna cewa shi ya jawo wa kansa, balle wanda ya gudu daga cin hanci ko zalunci don tsare addininsa.

Kai kuma mai shirin ajiyewa, ka tuna ciyar da iyali wajibi ne a kanka, fushi da shugaba ba ya sauke shi. Ka yi istihara, ka nemi shawara, ka tanadi madogara, ko da gonar fadama ce, kafin ka miƙa takarda.

Allah Ya ba mu halal mai albarka, amin. Wallahu a'alamu.