Jinkiri da Haƙuri Ba Ɗaya Ba Ne

'Yan'uwa, akwai tashar jirgin ƙasa a Idu, cikin yankin Abuja. A watan Yuli na 2016 aka buɗe hanyar dogo daga nan zuwa Rigasa ta Kaduna, tafiyar kilomita 186. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar ya ga yadda mai jinkiri yakan iso da gudu, kaya a ka, bayan an rufe ƙofa. Yana da kuɗin tafiya, yana da niyya kuma, amma jirgin ya tashi ba shi.

Hausawa sukan ce wani jinkiri alheri ne. Gaskiya ne, gama manomi ba ya girbin gero tun bai nuna ba. Wannan haƙuri ne: mutum ya yi nasa, yana jiran abin da ba ya hannunsa. Jinkirin da muke magana a kai dabam ne. Abin yana hannunka, ka san wajibinka ne, amma ka ce, “Sai gobe.”

Ku duba Ayyukan Manzanni, sura 24. Bulus ya tsaya gaban Filikus mai mulki a Kaisariya, ya yi masa zancen adalci, da kamewa, da shari'a mai zuwa. Tsoro ya kama Filikus. Bai ƙaryata maganar ba, sai ya sallami Bulus har ranar da zai sami zarafi. Shekara biyu yana kiransa suna zance, yana sa ran toshi. Daga baya Fastus ya gaje shi, Bulus kuwa yana nan a ɗaure.

Ashe rashin zarafi ba shi ne ya hana Filikus ba, gama shekara biyu ta ishi kowa. Tsoron abin da gaskiya za ta bukace shi ne. Haka muke. Ba mu ɗaga cin tuwo zuwa gobe. Abin da mukan ɗaga shi ne biyan bashi, da kai mara lafiya asibiti, da neman gafarar ɗan'uwan da muka saɓa wa. Kowace rana da ta wuce takan ƙara wa abin nauyi, kunya kuma ta ƙara yawa.

To, ina magani? Da fari, ka kira abin da sunansa a gaban Allah, ka faɗi dalilin tsoronka. Sa'an nan ka yi abin da ƙarfinka ya kai yau: in bashin ya fi ƙarfinka, ka biya rabi, in ba ka da ko sisi, ka je ka yi wa mai shi magana. Ka kuma gaya wa wani amintacce cikin ikilisiya, domin ya tambaye ka. Gobe ta Allah ce, yau ce aka ba ka amana.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ta yaya za mu bambanta haƙuri da gudun aiki?
2. Me Filikus ya rasa ta wurin jira?
3. Wane abu guda za ka cika kafin taronmu na gaba?