Ɗana, mai da kayan mutane

Ɗana, na san ranar da ka karɓi injin ban-ruwan nan haya don noman rani a fadamar Gummi, ko kujeru da rumfar da ka ɗauko a Anka saboda bikin ƙanwarka, ko littafin da ka aro a ɗakin karatun makaranta, ba ka ɗauka da niyyar cinyewa ba. Yawancin waɗanda na ga an tsayar gaban alƙali a kan irin wannan ba ɓarayi ba ne. Gobe suka ce, gobe ta zama jibi, kunya ta shigo, suka fara sauya hanya idan sun hango mai kaya, har ranar da sammaci ya iske su a gida.

Ka san dai tun shekarar 2000 kotunan shari'a ke aiki a Zamfara, kuma a mazhabar Malikiyya da ake bi, aro da haya ba hukuncinsu ɗaya ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta bambanta su. Wanda ya ari abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufafi ko littafi, idan ya ce ya ɓace, zai biya, sai in ya kawo shaidun cewa ba sakacinsa ba ne. Wanda ya ɗauki haya kuwa amintacce ne, ana karɓar maganarsa muddin ƙaryarsa ba ta bayyana ba. Ka duba girman yardar da shari'a ta ba ka, ɗana, yardar da ƙarya ɗaya ke rushewa.

Inda abin ke ɓaci shi ne ranar da ka sayar da kayan, ko ka jinginar da su a kasuwar Nasarawar Burkullu don ka toshe wata ɓaraka, ko ka dubi idon mai su ka ce ba ka karɓa ba. Daga nan magana ta tashi daga bashi ta koma cin amana. Sashe na 312 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ya tanadi ɗaurin da ka iya kai shekara 7, ko tara, ko duka biyun. Ko ba a ɗaure ka ba, garuruwanmu ƙanana ne, gobe ƙanenka zai je neman haya a ce masa babu.

In kayan sun lalace ko sun ɓata a hannunka, kada ka jira a aiko. Ka nemi dattijo ɗaya ko mai unguwa ya raka ka, ka faɗi gaskiyar abin da ya faru, ku yanke abin da za ka biya da ranar biya, a rubuta gaban shaidu. In kuma suna nan lafiya a ɗakinka, ka ɗauka ka kai yau, tare da kuɗin kwanakin da suka hau.