Dariya a Kan Kujerar Kansila: Shin Fim ɗin Camama Yana da Wata Fa'ida?

Gabatarwa

Wata rana gardama ta kaure a ofishin malamai na sashenmu a kan wani ɗalibi ɗan Jama'are, wanda ya kawo taken kundin digirinsa na farko yana neman izinin nazartar fina-finan barkwanci na Hausa, wato camama, musamman waɗanda ke kwaikwayon siyasar ƙananan garuruwa. Wasu daga cikin abokan aikinmu suka ce sam, jami'a ba dandalin shiririta ba ce. Wasu kuma suka ce a ƙyale yaro ya gwada. Daga ƙarshe ɗalibin ya sami izini, amma wata magana da wani dattijon malami ya yi a ranar ta tsaya mana a rai. Cewa ya yi, mutanen da aka cinye musu kuɗin rijiya da na ɗakin shan magani kuka ya kamace su, duk wanda ya sa su dariya kuwa ya taimaki ɓarawo. Wannan magana ba ta yarwa ba ce, kuma ita ce wannan maƙala za ta auna. Shin ya dace mai hankali ya yi dariya a kan abin da ke cutar da shi? In ya dace, wace irin dariya ce?

Surar Fim ɗin

Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallo a Jama'are ko Azare, ko ya leƙa wayar wani matashi a tashar mota, ya san irin fim ɗin da muke nufi. Zubinsa kusan ɗaya ne. Wani ɗan gari da kowa ya san asalinsa zai wayi gari yana neman kujerar kansila ko ta ciyaman. Zai ari babbar riga, ya ɗauki bashi ya buga fosta, ya tara 'yan koren da ke cin tuwonsa da rana su kwana a gidan abokin hamayyarsa. Zai yi alkawarin abin da ko gwamna ba zai iya ba. Matarsa za ta fara ɗaga wa maƙwabta kai tun ba a kaɗa ƙuri'a ba. Ranar zaɓe a raba taliya da sabulu, jama'a su karɓi na kowa su rantse wa kowa. In ya faɗi, masu bin bashi su yi masa layi a ƙofar gida. In kuwa ya ci, ya sauya lambar waya.

Wanda ya fi kowa ɗaukaka camama a masana'antar fina-finan Hausa shi ne marigayi Rabilu Musa Ibro, mutumin Ɗanlasan ta Jihar Kano, wanda ya rasu a watan Disamba na 1914 da ɗari, wato 2014. Daga salonsa 'yan wasa da dama suka ɗauki hannu. Ba ma musun cewa yawancin irin waɗannan fina-finai an yi su ne cikin gaggawa da kuɗi ƙalilan, labarinsu a warwatse, hotonsu ba tsari. Wanda ke neman ƙwarewar sarrafa kyamara sai ya nufi wani wuri. Fa'idar da muke hange a wani ɓangare take.

Nauyin Baki a Ƙaramin Gari

Tun bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, ƙaramar hukuma ce matakin mulki mafi kusa da talaka. Akwai guda 774 a Nijeriya, 20 daga ciki a Jihar Bauchi, kuma Jama'are ɗaya ce daga cikinsu. A bisa hankali, kusancin nan ya kamata ya sauƙaƙa wa talaka bin kadin haƙƙinsa. Amma wanda ya zauna a ƙaramin gari ya san abin ba haka yake ba. Mutumin Hanafari ko Dogon Jeji yana iya zagin shugaban ƙasa a teburin mai shayi ba tare da ko gezau ba, domin shugaban ƙasa bai san da zamansa ba. Kansilan mazaɓarsa kuwa surukin yayansa ne, ko almajirin mahaifinsa, ko wanda ya biya masa kuɗin magani bara. Sahu ɗaya suke bi a masallaci, tare suke zaman makoki. In ya fito fili ya tuhume shi, zumunci ya ɓaci, a ce masa marar kunya ko mai hassada. In ya yi shiru, amanar jama'a ta salwanta yana kallo. Kunya da kara, waɗanda muke alfahari da su, kuma sun cancanci alfahari, su ne a nan suke zama takunkumi a bakin mai gaskiya.

A nan ne raha take da aiki. Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. Idan jama'a suka taru suna kallon ɗan takarar bogi yana rantsuwa a kan rijiyar da ba zai haƙa ba, kowa ya san rijiyar da ake nufi a unguwarsu, amma ba wanda ya ambaci sunan kowa. Dariyar da aka yi tare shaida ce cewa abin da kowa ke gani a ɓoye, ashe kowa ya gani. Mutum ya gane ba shi kaɗai abin ke damu ba, kuma wannan ganewa ita ce matakin farko na duk wani gyara da jama'a za su yi. Shi ma kansila, in yana wurin, an yi masa hannunka mai sanda ba tare da an ci masa fuska ba, ƙofar gyara tana buɗe gare shi.

Tushe a Al'ada

Wannan dabara ba kyamara ce ta kawo ta ba. A wasan gauta, matan fada kan kwaikwayi sarki da hakimansa, har da tafiyarsu da yadda suke yanke hukunci, sarki ya ga kansa a inda ba mai iya faɗa masa baki da baki. A wasan kalankuwa, samarin ƙauye kan naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu, su kwaikwayi hukuma a idon jama'a. A tashe, yara kan bi gida gida cikin watan azumi suna kwaikwayon halayen manya. Ga 'yan kama da ke shigar malamai, ga kuma wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, wanda mu mutanen ƙasar Katagum da Jama'are muka tashi a cikinsa saboda maƙwabtakarmu da Barno. Duk waɗannan hanyoyi ne da al'umma ta keɓe domin a faɗi magana mai ɗaci ba tare da an zare takobi ba. Hasali ma, Malam Aminu Kano, lokacin da yake koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi a shekarun 1940, ya yi amfani da wasan kwaikwayo wajen sukar halayen masu mulkin gargajiya na zamaninsa. Saboda haka ɗan camama yana da magabata, ko da shi kansa bai san su ba.

Haka abin yake a adabin wasu al'ummu. A 1836 marubucin Rasha Gogol ya fito da wasansa na Sufeton Gwamnati, inda jami'an wani ƙaramin gari suka ɗauki wani baƙo ƙaramin ma'aikaci, wanda ko kuɗin masauki ba shi da shi, a matsayin mai binciken sirri daga babban birni, suka yi ta rige-rigen ba shi toshiyar baki. Da za a sauya sunaye a sa wa jami'an nan manyan riguna, ɗan Azare ba zai buƙaci tafinta ba. A yau jami'o'in duniya suna karantar da wasan, alhali a zahirinsa ban dariya ne kurum.

Hujjar Masu Suka

Adalci ne mu kawo hujjar dattijon malamin nan da dukan ƙarfinta. Ta farko ita ce dariya tana huce fushi, fushi kuwa wani lokaci shi ne kaɗai makamin wanda aka zalunta. Wanda ya ƙyalƙyace a kan satar kansila da dare, da wuya ya tashi da safe ya nufi sakatariya neman bayani. Tarihi ma yana goyon bayan wannan zargi. A shekara ta 424 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), Aristofanis na ƙasar Girka ya yi wasan da ya wulaƙanta Kiliyon, babban ɗan siyasar birnin Atina. Jama'a suka yi dariya, wasan ya zo na ɗaya a gasa, sannan ba da jimawa ba suka zaɓi Kiliyon cikin kwamandojin yaƙinsu. Wato dariya ba ta hana ƙuri'a zuwa inda ta saba zuwa ba.

Hujja ta biyu ita ce, in aka yi ta nuna ɗan siyasa a matsayin maƙaryaci mai ban dariya, matasa za su ɗauka haka siyasa take, mutanen kirki su guje ta, a bar wa 'yan damfara fili. Ta uku kuwa ta shafi addini da tarbiyya: Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hujurat, ya hana wasu mutane yi wa wasu izgili, kuma babu shakka camama takan zame ta faɗa cikin izgili, inda ake yi wa baƙauye ko mai lalura ko wata ƙabila dariya saboda halitta ko harshe.

Mun karɓi hujja ta uku ba tare da jayayya ba. Fim ɗin da ke dariya ga rauni bai cancanci kariya daga alƙalaminmu ba. Ta biyu kuma muna ganin ta ɗora wa madubi laifin fuska. Matashin Jama'are bai koyi raina siyasa a gidan kallo ba, a rumfar zaɓe ya koya. Ta farko ce mai nauyi, kuma amsarmu gare ta kashi biyu ce.

Da fari, da a ce dariya tana amfanar masu mulki, da ba su tsorace ta ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta ɗaure Ibro wata biyu dangane da fim ɗinsa Ibro Aloko. Tuhumar da aka gabatar ta shafi rajista da rawar da aka ce ba ta dace ba, amma mutane da yawa a lokacin sun ɗauka ainihin dalili shi ne wata waƙa da aka fassara a matsayin habaici ga gwamnan wancan lokaci. Ko ma wanne ne gaskiya, abin lura shi ne jama'a ba su ga baƙon abu ba a ce raha ta kai mutum kurkuku, kuma mutumin da shi kansa ya taɓa aikin gandiroba. Mulki a ƙasar Hausa yana tsayuwa ne a kan kwarjini, wanda aka yi wa dariya kuwa kwarjininsa ya ragu. Talakan da ya daina jin tsoron rigar ciyaman ya kusa iya yi masa tambaya.

Abu na biyu, kuma mafi muhimmanci a wurinmu, shi ne fim ɗin camama mai kyau ba ya tsayawa a kan ɗan takara. Yana nuna ɗan koren da ke cin amana, da tsohuwar da ta karɓi atamfar jam'iyya uku, da malamin da ya yi wa kowane ɗan takara albishirin nasara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jawabin fushi a dandali yakan raba jama'a gida biyu, azzalumai can, mu salihai nan, mai sauraro ya koma gida yana jin kansa tsarkakakke. Raha ba ta ba da wannan sauƙi. Mai kallo yana cikin dariya sai ya tuna taliyar da aka dafa a gidansa ranar zaɓe, ya tuna kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wa'azi ma yana faɗin haka, amma mutum yakan shiga wa'azi da garkuwarsa a hannu, yana rarraba wa maƙwabta abin da aka faɗa. Wurin dariya kuwa ba ya zuwa da shirin kare kai.

Ma'auni

Bisa ga wannan, muna ba ɗalibai shawarar su auna irin wannan fim da tambayoyi biyu. Wa ake yi wa dariya, mai ƙarfi saboda halinsa, ko mai rauni saboda halittarsa? Sannan, in an tashi daga kallo, shin mai kallo ya ga kansa a ciki, ko kuwa laifin wasu kaɗai ya hango? Fim ɗin da ya haye waɗannan tambayoyi ya yi aikin adabi, ko da an ɗauke shi cikin kwana uku a bayan gari. Wanda ya faɗi kuwa shiririta ce, kamar yadda abokan aikinmu suka ce.

Kammalawa

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ba hurumin gwamnoni ba ne su maye gurbin zaɓaɓɓun shugabanni da kantomomi. Duk ranar da wannan hukunci ya tabbata a aikace, dukiya mai yawa za ta ratsa hannun mutanen da muka sani, waɗanda muke jin nauyinsu, kuma buƙatarmu ga hanyar yi musu magana za ta ƙaru. Ba mu ce fim ɗin barkwanci zai haƙa rijiya ko ya sa magani a asibiti ba. Wannan aikin ƙuri'a ne da bin diddigi. Abin da yake yi shi ne kwance bakin da kunya ta ɗaure, da tunatar da mai zaɓe rabonsa na laifi. Saboda haka muna tare da dattijon malaminmu a kan cewa abin ya isa kuka, amma mun saɓa masa a kan wanda dariyar ta taimaka. Ga ɗalibanmu masu sha'awar rubutu kuwa, filin nan yana nan bai sami manoma ba: siyasar garuruwanmu tana jiran marubucin da zai haɗa kunnen Ibro wajen kama maganar kasuwa da haƙurin tsara labari, ya rubuta mana wasan da kansila da wanda ya zaɓe shi za su kalla a benci ɗaya.